Ajin da Aka Koyar da Kujera

A garuruwanmu, idan yaro ya gama sakandare ya ce wa mahaifinsa yana son ya je jami'a ya karanta yin kujera, amsar da zai samu ba ta wuce biyu ba. Ko a yi masa dariya, ko a nuna masa shagon kafintan bakin layi a ce ga jami'ar nan, ba ruwanka da kuɗin makaranta. Mun saba raba aiki gida biyu. Akwai aikin biro, wanda ake zuwa babbar makaranta dominsa, akwai kuma aikin zarto da guduma, inda ake tura yaron da aka ce boko ya ƙi shi. Turawa ma sun daɗe a kan wannan rabon. Amma akwai wata ƙaramar ƙasa da ta taɓa haɗa gidajen biyu a ɗaki ɗaya, kuma abin da ya biyo baya ya isa a ba da labarinsa.

Bari mu fara daga ƙarshe. Ranar 26 ga Satumba, 1960, saura kwana biyar Najeriya ta samu 'yancin kai, John Kennedy da Richard Nixon suka zauna a wani ɗakin talabijin a birnin Shikago, domin muhawarar farko da aka taɓa nunawa kai tsaye tsakanin manyan 'yan takarar shugabancin Amurka. Mutum sama da miliyan 60 suka kalla. Kujerun da suka zauna a kai na katako ne, ba su da wani ado, sai wani lanƙwasasshen ice da ya zagayo ya zama majingina ya kuma zama madafar hannu. Daga Danmak aka kawo su. Wanda ya zana su, Hans Wegner, ɗan wani mai ɗinkin takalma ne daga ƙaramin garin Tønder, kuma yana ɗan shekara 14 aka kai shi shagon kafinta koyon aiki. Tsakanin wancan shagon da ɗakin talabijin na Shikago akwai wani ƙaramin aji da aka buɗe a 1924 a Kwapanhagan, babban birnin Danmak. Ajin nan ne labarinmu.

Kafin a buɗe aji

Ɗaruruwan shekaru, hanyar koyon kafintanci a Danmak ɗaya ce, kuma ba za ta zame mana baƙuwa ba. A kai yaro wurin maigida, ya yi shara, ya dafa gam, ya wasa kayan aiki, sannu a hankali a fara ba shi katako. Bayan wasu shekaru sai ya haɗa wani kaya da hannunsa, manyan sana'a su duba, in ya ci a 'yantar da shi. Ƙungiyar kafintocin Kwapanhagan, wadda aka kafa tun 1554, ita ke da ikon cewa wane ya isa ya buɗe shago, wane bai isa ba. Ilimin sana'ar kuwa yana cikin hannu da idon maigida. Kaɗan ne daga cikinsa yake a rubuce.

Abu biyu suka girgiza wannan tsari. Na farko doka ce. A 1857 Danmak ta kafa dokar 'yancin sana'a, wadda ta fara aiki a 1862, ta ƙwace wa ƙungiyoyin masu sana'a ikon hana wani buɗe shago. Na biyu masana'anta ce, kuma babu misalin da ya kai na Michael Thonet, wani kafinta Bajamushe da ya koma Biyena ta ƙasar Ostiriya. Thonet ya gano yadda za a turara sandar ice da tururi har ta yi laushi, a lanƙwasa ta a jikin ƙarfe, ta bushe a haka. A 1859 ya fito da kujerarsa mai lamba 14: ice shida, sukuru goma, noti biyu. Ana shirya guda 36 a warware cikin akwati mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya, a aika ko'ina a duniya, a ɗaure a can. Ma'aikacin da ke lanƙwasa ƙafa ɗaya duk yini ba sai ya san kafintanci ba. Kafin 1930 an sayar da kusan miliyan 50.

To, ina makomar maigidan da ke kwana da kwanaki a kan kujera ɗaya? Kuma idan inji ne zai yi aikin, wa zai yanke shawarar tsayin ƙafa da faɗin mazauni kafin a buga guda dubu goma? A da, mai tunanin da mai yin duk mutum ɗaya ne. Masana'anta ta raba su, sai ga wani sabon aiki ya ɓullo wanda babu makarantarsa: zayyana kayan ɗaki.

Amsar Jamusawa

Waɗanda suka fi yin suna wajen amsa wannan tambaya Jamusawa ne. A 1919 Walter Gropius ya buɗe makarantar Bauhaus a garin Weimar, ya tsara ta kamar shagunan sana'a. Ɗalibi ɗan koyo ne, kuma a shekarun farko kowane shago yana da malami biyu, ɗaya mai zane, ɗaya gwanin aikin hannu. Wani saurayi ɗan ƙasar Hungari, Marcel Breuer, ya shiga a 1920 yana ɗan shekara 18. Da makarantar ta koma Dessau a 1925, shi aka naɗa shugaban shagon kayan ɗaki. A nan ne ya dubi kan kekensa, ya ga bututun ƙarfe ne aka lanƙwasa, ga ƙarfi ga rashin nauyi, sai ya yi kujera da shi, ya ɗaura mata ƙyalle mai kauri a madadin soso. Kujerun bututun ƙarfe da muke gani yau a ofisoshi da ɗakunan jira na asibiti jikokin wannan tunanin ne.

Ra'ayin Bauhaus shi ne sabon zamani yana buƙatar sabon kaya, don haka ba ta damu da tsofaffin salo ba. A share allo a fara daga farko. Shekara 14 kacal ta yi. A 1933 matsin 'yan Nazi ya sa aka rufe ta, malamanta suka watsu, da yawa zuwa Amurka. Sunanta ya cika duniya, amma kujerun ƙarfen nata ba su yi arahar da aka yi fata ba, kuma a zamaninta gidajen masu hali suka fi shiga.

Shekara biyar bayan buɗe Bauhaus, maƙwabtansu na arewa suka ba da tasu amsar, ba tare da wani ƙara ba.

Malamin da ya zo da ma'auni

Babbar makarantar zane-zane ta masarautar Danmak tana nan tun 1754, kuma darajarta ta jami'a ce. Tana koyar da zanen hoto, da sassaƙa, da zanen gine-gine. A 1924 aka ƙara mata sashen kayan ɗaki, aka damƙa shi a hannun Kaare Klint. An haife shi a 1888, mahaifinsa mai zanen gine-gine ne, a wurinsa da wurin wani gwani mai suna Carl Petersen ya koyi aiki. Tun 1914 ya nuna irin tunaninsa, lokacin da shi da Petersen suka yi kujera domin gidan nunin zane-zane na garin Faaborg. Tambayar da ya fara yi ita ce me mai kallon zane yake buƙata. Yana buƙatar kujerar da zai iya ɗauka da hannu ya kai gaban hoton da yake so, don haka aka yi ta marar nauyi, aka saƙa bayanta da kara mai ramuka yadda ba za ta tare adon daɓen ɗakin ba.

Abin da Klint ya kawo aji shi ne tef. Kafin ɗalibi ya ja layi ɗaya, sai ya auna. Ya auna mutum a tsaye, a zaune, yana miƙa hannu sama, yana sunkuyawa. Daga dunduniya zuwa bayan gwiwa nawa ne, domin shi ne tsayin mazauni. Daga mazauni zuwa gwiwar hannu nawa ne, domin shi ne tsayin tebur. Ƙa'idar da kafintocin duniya ke bi yau, cewa kujerar cin abinci ta kai wajen santimita 45, tebur wajen 73 zuwa 75, a bar kusan santimita 30 tsakani domin cinya ta samu wuri, irin wannan aikin ne ya mayar da ita abin da ake rubutawa a kare da hujja. Mazauni ya cika tsawo, gefensa ya danne jijiyar bayan cinya, ƙafa ta yi sanyi. Ya cika zurfi, mai zama ya kasa kai bayansa majingina, ya wuni a dunƙule. Tsohon kafinta ya san wannan da ido. Klint ya sa an san shi da lamba, yadda za a iya koya wa wanda bai yi shekara ashirin a shago ba.

Bai tsaya kan jikin mutum ba. Idan kabad za a yi, sai a auna abin da zai shiga ciki: riga a ninke, kwat a rataye, faranti, kofi, cokali. Shi da ɗalibansa sun auna kwanukan cin abinci na gida guda, suka tsara kabad ɗin da zai ɗauke su ba tare da ɓarnar wuri ba. Mogens Koch, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, ya bi wannan hanyar a 1928 ya yi kantar littattafai mai murabba'i, santimita 76 kowane gefe, mai gida shida. In ka ajiye ta a haka ta ɗauki dogayen littattafai, in ka juya ta a gefe ta ɗauki gajeru, kuma kana iya jera su ko ɗora su yadda ɗakinka ya ba da dama. Har yau ana yin ta.

Abu na biyu da ya bambanta shi da Jamusawa shi ne ya yarda da tsohuwar zuma ake magani. Shi ne ya taimaka wajen mayar da wani tsohon asibiti a Kwapanhagan gidan adana kayan fasaha, kuma kayan da ke ciki suka zama littattafan ajinsa. A sa ɗalibi gaban tsohuwar kujerar Ingila ta ƙarni na 18, ya auna ta gaɓa-gaɓa, ya zana ta daidai girmanta, ya gano me ya sa ta shekara ɗari da hamsin ba ta saki ba, me ke cikinta na amfani, me kuma ke cikinta na ado kawai. Sai a zubar da adon a riƙe amfanin. Haka Klint ya yi jar kujerarsa ta 1927, daga wata kujerar Ingila ya ciro ta, kuma ta ci babbar lambar yabo a baje kolin duniya na Basalona a 1929. A 1933 ya ɗauki kujerar tafiya ta hafsoshin Ingila a Indiya, wadda ake warwarewa a naɗe, ya gyara ta ta zama ta cikin gida. Ba a ɗauki wannan a matsayin satar fasaha ba, domin ba kamanni aka kwafa ba. Dalilin da ke ƙarƙashin kamannin aka nema.

Abu na uku, wanda ya fi duka nauyi, shi ne da dama daga cikin ɗaliban sun riga sun gama koyon kafintanci kafin su shigo aji. Sun san katako abu ne mai motsi, yana kumbura yana tsukewa ta faɗinsa, ba ta tsawonsa ba. Mu ma mun san wannan, mu da ƙofarmu ke cijewa da damina ta saki da hunturu. Mai zanen da bai san haka ba zai zana faffaɗan tebur ya ɗaure shi ta ko'ina, ranar da ɗaki ya bushe ya tsage. Klint kansa bai taɓa rabuwa da masu aikin hannu ba. Yawancin kayansa a shagon Rud. Rasmussen aka yi su, shagon da aka buɗe a birnin tun 1869.

Kasuwar gwaji

Aji kaɗai ba zai yi ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A shekarun 1920 kafintocin Kwapanhagan suna cikin matsi, domin kayan masana'anta masu araha, har da na ƙasashen waje, sun cika kasuwa. A 1927 ƙungiyarsu ta shirya baje koli don ta nuna wa jama'a bambancin aikin hannu. Da farko kayan da suka fitar na tsohon yayi ne, masu nauyi da sassaƙe-sassaƙe. Bayan 'yan shekaru sai suka yi abin da manyan sana'a ba su cika yarda su yi ba: suka gayyaci matasan masu zane, suka sa gasa, suka ce kowa ya kawo zanensa, wanda ya yi kyau wani maigida zai ɗauka ya yi shi da kuɗinsa.

An yi wannan baje koli kowace shekara har shekara 40, daga 1927 zuwa 1966, ko mamayar Jamus ta 1940 zuwa 1945 ba ta tsayar da shi ba. Amfaninsa ga ɗalibi a bayyane yake. Zanen da ya yi a aji zai faɗa hannun mutumin da ya shekara talatin yana fama da katako, wanda zai gaya masa ba kunya cewa wannan mahaɗar ba za ta riƙe ba. Sannan a kai kayan gaban jama'a, su zauna, su jijjiga, su tambayi kuɗi, 'yan jarida su yaba ko su kushe. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Amfaninsa ga maigida kuma shi ne ya samu sabon abin sayarwa wanda masana'antar Jamus ba ta da irinsa. A jikin kaya kuwa ana ambaton sunaye biyu, na mai zane da na shagon da ya yi.

Kujerar talaka

Sai dai akwai gyara a maganar. Kujerar da gwani ya yi da hannu, ta icen waje mai tsada, ba ta shiga ɗakin lebura. Wanda ya ɗauki wannan matsalar da gaske shi ne Børge Mogensen, ɗan garin Aalborg, wanda aka haifa a 1914. Ya gama koyon kafintanci yana ɗan shekara 20, ya zo Kwapanhagan ya yi makarantar fasahar hannu, sannan ya shiga ajin Klint, daga baya ma ya zama mataimakinsa.

A 1942, ana tsakiyar yaƙi, babbar ƙungiyar shagunan gama-kai ta ƙasar, FDB, wadda ke da kantuna har ƙauyuka, ta buɗe ofishin zayyana kayan ɗaki ta ba Mogensen shugabanci. Aikin da aka ba shi shi ne kaya masu ƙarko, masu dacewa da ƙananan gidajen ma'aikata, a kuɗin da ma'aikaci zai iya biya. Ya yi abin da malaminsa ya koya masa, ya nemi tsohon abu mai kyau. Ya samu kujerun wata ƙungiyar addini ta Amurka da ake kira Shaker, mutanen da suka ɗauki ado a matsayin alfahari, suka yi kaya masu sauƙi da tsabtar aiki. Daga nan ya fitar da J39 a 1947. Ƙafafu huɗu zagayayyu da sandunan da ke haɗa su, waɗanda injin gurza ice zai iya fitarwa da yawa, sai faffaɗan katako guda mai lanƙwasa a baya, sai mazauni da aka saƙa da igiyar takarda murɗaɗɗiya, wadda ta samu karɓuwa a shekarun da kayan waje suka yi wuya. Mutanen Danmak suka sa mata suna kujerar jama'a. Ta shiga makarantu da ɗakunan karatu da ɗakunan girki, kuma tun daga 1947 ba a daina yin ta ba.

Nan ne aka ga cikar abin da ajin 1924 ya nufa. Tunanin mai zane ne, sanin katako na kafinta ne, aikin na inji ne, ribar kuma ta mai ƙaramin ƙarfi ce.

Wanda ya bi da wanda ya bijire

Hans Wegner, wanda muka fara da shi, bai zauna a ajin Klint ba. Makarantar fasahar hannu ya yi daga 1936, inda suka haɗu da Mogensen suka zama abokai, amma malaminsa a can almajirin Klint ne, don haka ruwa ɗaya suka sha. Shi ma ya koma ga tsohon abu, kujerun ƙasar Sin na zamanin daular Ming, masu zagayayyen baya. Ya yi ta rage su shekara bayan shekara, yana yin ƙaramin samfuri da hannunsa kafin babba, har a 1949 ya kai ga kujerar nan ta Shikago, wadda shagon Johannes Hansen ya yi aka kai baje kolin kafintoci. A shekarar dai ya zana wata domin masana'antar Carl Hansen, mai katako a baya kamar harafin Y. Tun 1950 ake yin ta, tana bi ta matakai sama da 100, mazauninta kuma yana cin igiyar takarda wajen mita 120, da hannu ake saƙawa. Wegner ya zana kujeru sama da 500 kafin rasuwarsa a 2007.

Ba kowa ne ya yarda da Klint ba. Finn Juhl zanen gine-gine ya karanta, bai koyi kafintanci ba, kuma yana ganin yawan aune-aune yana kashe rai a jikin kaya. Kujerunsa kamar sassaƙa suke, mazauni da majingina kamar suna shawagi a kan ƙafafu. Masu sharhi sun yi wa na farkon ba'a. Amma abin lura shi ne wanda ya bijire wa ajin bai iya bijire wa shagon ba. Fiye da shekara ashirin yana aiki da kafinta Niels Vodder, wanda shi ke nemo yadda za a haɗa abin da Juhl ya zana ya tsaya da ƙafarsa. Da wannan haɗin gwiwar Juhl ya yi sunan da ya sa aka ba shi aikin tsara ɗaya daga cikin manyan zaurukan Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin New York a farkon shekarun 1950.

Mata ma sun bi ta wannan ƙofa. Nanna Ditzel da Grete Jalk duk sun koyi kafintanci, duk sun yi karatu a wurin Klint, duk sun yi suna. Jalk ce ta zauna daga baya ta tattara tarihin baje kolin nan na shekara 40 cikin mujalladi huɗu, aka buga a 1987. Saboda irin aikinta ne muke iya sanin wa ya zana me, wa ya yi shi, a wace shekara.

Da zamani ya juya

Klint ya zama farfesa a 1944, ya rasu a 1954, almajirinsa Ole Wanscher ya gaje shi. A lokacin kayan Danmak sun zama abin yayi a Amurka, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan biyar ba tana sayar wa duniya kujera. Amma nasarar da kanta ta fara cin tushenta. Oda ta yi yawa, sai masana'antu suka karɓe aikin daga ƙananan shaguna. A 1952 Arne Jacobsen ya fito da kujerar da ake matse siraran falankai a inji su zama mazauni da majingina a haɗe, a ɗaura mata ƙafar ƙarfe. Ba ta buƙatar mahaɗar kafinta ko ɗaya. A maƙwabciyarsu Suwidin, kamfanin IKEA ya fara sayar da kaya a warware cikin kwali, mai saye ya ɗaure da kansa, dabarar Thonet ta dawo da sabuwar riga. Roba da katakon dusa suka shigo, albashin gwani ya hau, yara suka rage zuwa koyo. A 1966 aka yi baje koli na ƙarshe. Shagon Rud. Rasmussen ya jure har kusan shekara 150, sannan shi ma aka rufe shi.

Karatun bai mutu ba. Har yau ana koyar da zayyana kayan ɗaki a wannan makaranta, da kwamfuta da injinan yanka masu bin umarninta. Amma mu lura da wani abu: kujerun Danmak da duniya ke nema har yanzu, yawancinsu na waɗancan shekaru 40 ne, lokacin da mai zane da kafinta ke tsaye a kan benci ɗaya suna musu.

Abin da ya rage mana

Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan musun a tamu sana'ar, tsakanin wanda ya zo da digiri da wanda ya koya a bakin aiki, kowa na raina kowa. Kuma mun ga cewa mai digirin da bai taɓa gyara aikin da ya lalace a hannun mutane ba yana rubuta abin da ke karyewa, wanda ya koya a bakin aiki kuma yakan iya yi amma ya kasa bayyana dalili, sai iliminsa ya tsaya a kansa. Abin da Klint ya ƙara wa kafinta ke nan, dalili a rubuce. Abin da kafinta ya ƙara wa Klint kuma shi ne sanin inda katako zai ƙi.

Yau idan za a yi wa amarya kayan ɗaki, hoto ake nuna wa kafinta a waya a ce irin wannan. Zai yi, kuma sau da yawa ya yi kyau a ido. Amma hoton ba ya ɗauke da tsayi ko zurfi, ba ya faɗin irin icen, an kuma yi ainihin kayan ne domin wani ɗaki da wani yanayi da wasu mutane. Shi ya sa za ka shiga falo ka ga manyan kujeru sun cinye wuri, masu gidan kuwa suna zaune a kan kafet sun jingina da su. Wannan zaman da kansa bayani ne, da akwai mai tef a kusa. Haka 'yar gajeruwar kujerar da iyayenmu mata ke girki a kai, wadda masassaƙi ya fitar daga ice guda: tsayinta ya dace da murhu da tukunya a ƙasa, kuma an daɗe ana gyara ta kafin ta kai haka. Irin kayan da Klint zai ajiye a gaban ɗalibi ne ya ce auna, ka gaya mini me ya sa.

Muna da jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, muna da kafintoci a kowane layi, muna da masu saye a kowane biki. Danmak ba ta fi haka ba a 1924. Abin da ta yi shi ne ta buɗe wa yaron shago ƙofar aji, ta kuma tura ɗan aji ya kai zanensa shago a duba masa. Wanne daga cikin biyun zai fi mana wuya, wannan kowa ya tambayi kansa.